Kafin Ka Sayi Doki, Tanadi Harawa

Wani dare bayan sallar Isha'i, ɗan ƙanwata ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah saurari ƙarar nan." Wata baƙar mota ce mai faɗin ƙirji, tayoyinta na baya suna juyawa a wuri ɗaya, farin hayaƙi ya turnuƙe filin, injin yana gurnani har wayar tana rawa a hannuna. Ya ce Dodge Challenger ce, wadda ake yi wa laƙabi da Hellcat, ƙarfin doki 707. Yadda ya faɗi lambar nan kamar mai yi wa gwaninsa kirari. Na tambaye shi nauyinta, ya ce bai duba ba. Na tambaye shi man da take sha, ya yi murmushi. Na ce, to tayoyin nan biyu da ake ƙonawa fa, nawa ne kuɗinsu? Sai ya ce, "Kawu, ai kallo kawai muke yi."

Kallo ba laifi ba ne, son mota kuma ba abin kunya ba ne. Da shi na tashi, har gobe in na ji inji mai fulogi takwas ya tashi sai na waiwaya. Abin da nake so ku da kuke tasowa ku riƙe shi ne, mai son abu tsakani da Allah yakan nemi saninsa ciki da bai. A Amurka, inda aka haifi waɗannan motoci, masoyansu sun kusa shekara ashirin suna musu a kan abu uku: tsadarsu, nauyinsu, da siffarsu. Wanda ya bi musun nan a tsanake zai koyi yadda ake auna abu kafin a ba shi zuciya, ko da kuwa ba zai taɓa riƙe sitiyarin ɗaya daga cikinsu ba.

Amurkawa suna kiransu da wani suna mai ma'anar motoci masu ƙwanji. Dabarar da ta haife su mai sauƙi ce: a ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas irin na manyan motoci, a dasa shi cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a sayar a kuɗin da saurayi mai aikin masana'anta zai iya biya. A 1964 kamfanin Pontiac ya sa inji mai lita 6.4 a cikin motarsa Tempest, ya kira ta GTO, ƙarin kuɗin bai kai dala 300 ba. A ranar 17 ga Afrilun shekarar Ford ya fito da Mustang a kan dala 2,368, kafin shekara ta zagayo an sayar da fiye da 400,000. A 1968 Plymouth ya kawo Road Runner, ya cire mata kayan ƙawa ya bar mata inji, farashinta bai kai dala 3,000 ba. Mai yana da araha, samarin Detroit suna cika titin Woodward da dare suna gwada ƙarfi daga wannan danja zuwa waccan.

Wannan zamani bai cika shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka ga yawan haɗarin da samari ke yi, suka tsawwala musu kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage wa injuna zafi. Sai ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, layi ya cika gidajen mai. Mustang ta 1974 ta fito a kasuwar Amurka babu inji mai silinda takwas ko ɗaya. Ku lura da kyau, babu wata mota da ta fi su gudu ta kore su daga titi. Kuɗin riƙo ne ya kayar da su.

Sun dawo a wannan ƙarni. Mustang ta 2005 ta ɗauko kamannin ta da, Challenger ta dawo a 2008, Camaro ta kamfanin Chevrolet ta biyo baya a 2009 bayan shekaru ba a ƙera ta. Daga nan aka shiga gasar lamba, kowane kamfani yana ƙara doki, farashi yana bin doki a baya. A Disamban 2023 aka daina ƙera Challenger da Camaro, aka bar Mustang ita kaɗai da injinta mai silinda takwas.

Mu fara da tsada. Dala 2,368 ta 1964 ta yi daidai da kimanin dala 24,000 a kuɗin 2024. Mustang GT ta 2024 kuwa ta haura dala 40,000, wadda ake kira Dark Horse tana wajen 60,000. Hellcat ta 2015 ta fito a kan dala 59,995. Challenger Demon 170 ta 2023, mai ƙarfin doki 1,025, an sa mata 96,666, dillalai da yawa kuma suka ɗora nasu a kai don sun ga ana rububi. Mustang GTD ta wuce dala 300,000. Saboda haka masu ƙorafi suke cewa motar ɗan talaka ta koma garejin attajiri. Saurayin da aka ƙirƙiro ta dominsa yanzu sai dai ya hango ta, mai sayenta kuwa sau da yawa dattijo ne mai furfura da yake biyan burin ƙuruciyarsa.

Ɗaya ɓangaren ma suna da hujja. Mustang ɗin nan ta dala 2,368 silinda shida gare ta, ƙarfin doki 101, giya uku, babu iyakwandishan, birkinta irin na ganga ne mai saurin ɗaukar zafi. Mafi arahar Mustang ta 2024, mai silinda huɗu kacal, tana da doki 315, kuma za ta bar yawancin gwanayen 1960 da ɗoriya a baya. Har lambobin da ake yi wa tsofaffin kirari da su ma sai an yi hattara, domin kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne tsirara a kan benci, ba a ɗora masa kayan da yake ja a cikin mota ba. Da aka koma auna shi da kayansa, lambobin suka faɗo. Wanda ya ce sun yi tsada ya yi gaskiya, wanda ya ce kaya sun ƙaru shi ma ya yi gaskiya.

Amma duk su biyun a kan kuɗin saye suke jayayya, alhali kuɗin saye shi ne ƙaramin ɓangare. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, lita ɗaya ba ta kai Hellcat kilomita 6 a cikin gari, kuma man da take so mai daraja ne, ba kowane ba. Tankinta yana cin lita 70, in aka take totur har ƙasa ba a ɗaga ƙafa ba, ba za a yi kwata na awa ba ya ƙare. Tayoyinta masu faɗi ne masu saurin cinyewa. Inshorarta tana da nauyi, kuma da dalili: wani rahoto na cibiyar ƙididdigar asarar inshora ta Amurka a 2023 ya nuna ana satar Dodge Charger Hellcat, 'yar'uwar Challenger mai ƙofa huɗu, fiye da sau 60 a kan matsakaiciyar mota. A can ma sanannen abu ne ka ga ƙaramin soja ya karɓi albashinsa na farko, ya nufi dillalin da ke bakin bariki, ya ɗauki bashin shekara shida ko bakwai da ruwa mai yawa. Motar tana tsufa, bashin yana nan da ƙuruciyarsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma saurayin da ƙara ta cika wa kunne ba ya tsayawa ya ƙirga hudojin.

Sai nauyi, wanda a ganina shi ne ɓangaren da ya fi koyar da hankali. Mustang ta farko mai silinda takwas tana wajen kilo 1,300. GT ta 2024 ta haura kilo 1,700, kamar an loda wa tsohuwar buhun siminti takwas ke nan. Challenger Hellcat ta wuce tan biyu, shi ya sa masu yi mata ba'a a can suke kiranta jirgin ruwa. Sabuwar Dodge Charger Daytona mai lantarki da ta fito a 2024 ta haura kilo 2,600 saboda batirinta, wato buhu goma sha biyu a kan Hellcat ɗin da ake kuka da ita. Nauyi ba ya hana mota gudu a miƙaƙƙen titi in inji yana da ƙarfi. Inda yake karɓar hakkinsa shi ne a kwana da wajen tsayawa: birki ya yi zafi, taya ta cinye, mota ta nemi wucewa gaba lokacin da direba yake so ta karya.

Kamfanonin sun san da haka. Da Dodge ya ƙera Demon ta 2018, mai ƙarfin doki 840, sai ya fitar da ita da kujerar direba kaɗai. Mai son kujerar fasinja ko ta baya sai ya saye ta a kan dala ɗaya. Injiniyoyin da suka iya samar da doki 840 sun ga wajibi ne su sauke kujeru don rage kimanin kilo 50. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku matsayin nauyi a wajen waɗanda suka san aikin.

To daga ina nauyin ya zo? Wani daga abin da masu saye suka nema da bakinsu: kujeru masu lantarki, manyan alluna, lasifikoki, abin hana ƙara shiga ciki, manyan ƙafafu, da manyan birkunan da doki 700 yake buƙata. Wani kuma daga abin da yake tsare rai: ƙarafan ƙarfafa ƙofa da rufi, jakunkunan iska, da gaban mota da aka tsara ya lanƙwashe ya shanye duka kafin ya iso ga mutum. A 2009 cibiyar kamfanonin inshora mai gwajin haɗarin mota a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, mai ƙarfen nan da ake yabo, ta murƙushe har mazaunin direba, sitiyari ya tunkaro mutum-mutumin da ke ciki. Sabuwar ta lalace a gaba, ɗakin direba ya tsaya. Duk wanda ya ce muku tsohuwar mota ta fi tsare rai, ku nemi hoton gwajin nan ku kalla. Kuma ba duk tsofaffin ne marasa nauyi ba: Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970 tana kusa da kilo 1,800.

Akwai wani abu da ya faru da ya cancanci tunani. Shekaru masoya suna kukan nauyi, sai Chevrolet ya amsa musu a 2016, ya fito da Camaro da aka rage wa kusan kilo 100 ko fiye, mai ladabi a kwana, masu gwajin mota suka yi ta yabo. Kasuwarta kuwa sai ta yi ta raguwa shekara bayan shekara. Challenger mai nauyin nan, wadda tsarinta ya tsufa, ita ce ta zo ta fi har Mustang kasuwa a Amurka a 2021, don tana da faɗi, tana da wurin zama, kuma tana da kwarjini. Abin da mutane suke faɗa a bakin musu daban, abin da suke zare kuɗi su saya daban. In kun ji ra'ayi ya yi ƙara a intanet, ku tambaya ko mai shi ya taɓa biyan kuɗin abin da yake magana a kai.

Maganar siffa ta fi kowacce zafi, don a nan zuciya ce take magana. Pontiac ya dawo da sunan GTO a 2004 a jikin wata mota da aka ƙera a Ostareliya. Injinta lafiyayye ne, doki 350 daga baya 400, amma kamanninta ba su tuna wa kowa da ta 1964 ba, ba ta wuce 2006 ba. Da Charger ta 2006 ta dawo da ƙofa huɗu, masoya suka ce an ci amanar suna. Challenger kuwa ta kwaikwayi ta 1970 kusan layi da layi, ta shekara goma sha biyar ba ta sauya fuska sosai ba, ana saye. Camaro ta bi ƙawa har ta matse gilasanta, direba yana zaune kamar a cikin rami ba ya ganin gefe da baya da kyau, kuma da aka sauya mata fuska a 2019 surutu ya yi yawa har aka gyara a shekara mai bi mata. Wasu suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Wasu suna cewa kamfanin da ba shi da abin sayarwa sai kewar jiya ya daina tunani. Ni ina ganin gado yana da kyau in an gaji halin, domin abin da ya yi Road Runner shi ne araha da sauƙi, kuma shi ne abin da ba a dawo da shi ba.

Ga wani ƙaramin abu da za ku iya gani a hotuna. A da Dodge yakan manna wata roba ruwan ɗorawa a leɓen gaban Challenger da Charger don kada ya karce a kan tirela, a cire in mota ta isa wajen dillali. Sai wasu masu saye suka ƙi cirewa, wasu suka gani suka kwaikwaya, har ta zama ado. Shugaban masu zanen motocin kamfanin ya fito ya roƙi a cire, ya ce tana tara yashi tana ɓata fenti, daga baya kamfanin ya mayar da launinta ruwan hoda ko za a ji nauyin barinta. Ita kuwa Charger mai lantarki, da yake ba ta da salansa, sai aka sa mata na'urar da take kwaikwayon gurnanin inji. Ledar kaya ta zama kwalliya, ƙara ta zama abin da ake kunnawa. Yayi haka yake, yakan raba alama da abin da take nunawa, mai bin sa kuma ba ya tambayar dalili.

Waɗannan motoci suna isowa ƙasarmu, ta Legas ko ta Kwatano, kuma da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci a Amurka ake sayo su. Na taɓa kai motata wani gareji a gefen Abuja, na tarar da wata jar Camaro a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ƙura ta rufe ta har yara sun yi zane da yatsa a gilashin baya, taya ɗaya ta sace, leɓen gaba ya tsage inda ya daki tudun rage gudu. Na tambayi bakanike, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wata biyar ke nan. Ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, an yi odar wata, da ta zo ba ta dace ba." Ya buɗe mini ƙofa ya nuna mini tsakiyar sitiyari, an ɗinke shi da kyau amma babu jakar iska a ciki. Mai motar saurayi ne, kullum yana zuwa a bayan babur ya duba ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ko da ta tashi, ciyar da ita wani aiki ne.

Saboda haka, ƙannena, in Allah ya hore wa ɗayanku har ya yi niyyar sayen irin wannan mota, ya fara da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, ya bincika tarihinta kafin ya biya ko sisi. Ya nemi bakaniken da ya san ta da inda ake samun kayanta tun kafin ta iso. Ya zauna da biro da takarda ya lissafa mai, taya, bakin mai da gyara na shekara guda, in jimlar ta taɓa kuɗin abinci, haya, karatu ko hakkin iyaye, ya haƙura. Kada ya ci bashi don ta. Wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci yake sauka.

Sannan ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Dodge ya riƙa ba mai Hellcat makulli biyu, ja da baƙi. Jan yana sakin doki 707 gaba ɗaya, baƙin yana tsayar da su a 500, don ranar da za a ba wani aro. Kamfanin da ya ƙera ta ma bai yarda kowane hannu ya riƙe ta duka ba. In gudu ya ninka biyu, tazarar da mota take buƙata kafin ta tsaya ninkawa huɗu take yi. A 2023 cibiyar gwajin haɗarin nan ta fitar da jerin motoci 21 da direbobinsu suka fi mutuwa, shida daga ciki Camaro ne da Challenger da Charger da Mustang, duk da ƙarafansu da jakunkunan iskarsu. A can suna da filayen tsere masu shinge da motar asibiti a gefe. Wasan mota a titin unguwa ranar ɗaurin aure, inda yara suke tsaye a bakin kwalbati, ganganci ne da ran mutane, kuma ran da aka ɗauka ba ya dawowa da ban haƙuri.

Wanda kuma ba shi da halin saye, kada ya ɗauka son da yake yi ya tashi a banza. Motar zamani kwamfuta ce mai taya, kuma garuruwanmu suna ƙishirwar matasan da suka iya karanta na'urar gano matsalar inji, suka san wayarin, suka san giya mai sauya kanta. Awannin da kuke kashewa kuna kallon hayaƙin taya, ku raba su biyu, ku ba rabi ga koyon yadda injin yake numfashi. Ɗan ƙanwata ya dawo bayan kwana uku da nauyin Hellcat da man da take sha a rubuce a bayan littafinsa, yanzu kuma ranar Asabar a gareji yake wuni. Ku so mota, ku san ta, ku auna ta da aljihunku da titinku da ran maƙwabcinku. Allah ya ba ku abin hawa mai albarka, ya kai ku gida lafiya.